Santin Sallau a Gaban Dodo

Duk mai kunna rediyo ranar Asabar a garin nan ya san Sallau, mai shirin "Ɗanɗana Ka Faɗa". Aikinsa ke nan fa, Allah ya hore masa: ya shiga gidan abinci, ya naɗe hannun riga ya ci, sannan ya buɗe baki ya gaya wa duniya abin da harshensa ya ji. Wasu na dako, wasu na haƙar rijiya, shi kuwa bawan Allah da cokali yake neman halaliyarsa. Kuma bakinsa ba birki. Shi ne ya taɓa cewa miyar wani babban otal ruwan wankin tukunya ce da ta samu gata. Shi ne ya ce wa wani mai balangu ya ji tsoron Allah ya mayar wa mai keke tayarsa. Masu gidajen abinci in suka hango shi ya faka babur, har gishiri sai sun sake ɗanɗanawa.

Ma'auninsa ɗaya ne, santi. In an zo ƙarshen shiri sai ya ce, "Jama'a, na yi santi," ko kuwa, "Jama'a, ban yi ba." In ya ce ya yi, washegari layi har bakin titi. In ya ce bai yi ba, to mai wurin sai ya fara tunanin wata sana'ar. Mutane sun yarda da shi ne don abu guda: ba a taɓa jin an sayi bakinsa ba. Ba shi da gida na kansa, ba shi da mota, wannan yardar ita ce duk abin da ya tara a duniya, kuma yana ji da ita ƙwarai.

To, sai Allah ya jarrabe shi da suruki.

Alhaji Gwadabe, mahaifin matarsa Uwani, dillalin tayil ne da ya yi arziki har ya rasa inda zai kai shi. Ya je wata ƙasa sayen kaya, aka kai shi wani wurin wasan yara, ya ga abin da ya gani, ya dawo ya ce shi ma sai ya yi. Kafin a ce me, an share wani makeken fili a bayan gari, an kafa lilo mai kai mutum sama ya juyo da shi, da ƙaramin jirgin ƙasa, da dawakan ƙarfe masu zagaye. A tsakiya kuma aka gina wani gida mai hasumiya, aka rubuta masa "Fadar Tatsuniya". Wai gidan abinci ne na manya, inda kowane faranti da labarinsa. Ɗansa Nazifi, ƙanin Uwani, wanda ya yi karatun harkar otal a waje ya dawo da gemu siriri da yawan ɗaga kafaɗa, shi ne manaja.

Ranar da saƙo ya iso cewa Alhaji na so a yi shirin "Ɗanɗana Ka Faɗa" kai tsaye daga Fadar ranar buɗewa, Sallau yana cin ɗanwake. Ɗanwaken nan bai ƙarasa shi ba.

Uwani ta dube shi ta ce, "Malam, na ga ka ajiye cokali. Bari in gaya maka tun yanzu, kar ka ce ban faɗa ba. Baba ya zuba ƙarfinsa a wurin nan. In ka buɗe bakin nan naka ka kunyata shi a rediyo, to ka nemi inda za ka riƙa ɗanɗanawa kana faɗa, don a gidan nan ko ruwan zafi ba za ka gani ba."

"Haba Uwani, in abincin ya yi daɗi ai shi ke nan."

"In bai yi ba fa?"

Tambayar da ke cin Sallau ke nan. In ya yabi abin da bai kai ba, mutanen gari ba yara ba ne, za su je su ci, su dawo su ce Sallau ma ya bi sahu, an saye shi da 'ya. In ya faɗi gaskiya kuma, ga Uwani, ga Alhaji wanda bai taɓa yi masa komai ba sai alheri. Ya juya, ya juya, can dabara ta faɗo masa, har ya yi murmushi shi kaɗai.

Ya sa hula ya tafi gidan Alhaji. Ya cire takalmi tun daga nesa, ya tsuguna a gefen tabarma, ya sunkuyar da kai, aka gaisa.

"Baba, saƙo ya iso, na kuma gode da wannan girma. Sai dai wani hanzari. Ka san yadda muka taso. Ni ban taɓa kai loma bakina a gabanka ba, kuma ba zan iya ba. Ko ruwa ne sai ya sarƙe ni. Ga shi kuwa ranar buɗewa dole kana wurin. Shi ne na ce ko a nemi wani daga cikin abokan aikina."

Alhaji ya yi dariya har carbinsa ya faɗi.

"Malam Sallau, Allah ya yi maka albarka. Kunya ai ado ce. Amma kar ka damu, ni da Nazifi mun riga mun yi maganin wannan. Kai dai ka zo da yunwarka."

Da yunwarsa kuwa ya zo. Uwani ta tabbatar da haka, don ranar ko koko hana shi ta yi. Ta ce kar ya cika ciki da tarkace alhali abincin sarakuna na jiran sa.

Rana tsaka suka isa. A bakin ƙofar filin ya wuce wata mata mai gurasa, ta barbaɗa ƙuli da yaji, ta yanka albasa da tumatir, tana yaryaɗa man gyaɗa. Ƙanshin ya bi shi har cikin hanci. Ya haɗiye yawu ya ce wa ransa ya yi haƙuri, abin da ke gaba ya fi. Ya ratsa ta tsakanin yara masu ihu a kan lilo, ya shiga Fadar.

Ciki duhu. Da yake an san tsofaffi sun hana tatsuniya da rana, sai Nazifi ya sa aka toshe tagogi ƙaf, aka shafe rufin da baƙin fenti, aka manna ƙananan fitilu wai taurari. Ga wani wata na roba yana lilo a kan igiya. Ga manyan baƙi an zazzauna, mata a gefe guda, Uwani a cikinsu ta sha ɗauri, ta zaɓi kujerar da za ta riƙa ganin bakin mijinta sosai. Masu kai abinci kuwa ba mutum ko ɗaya: wannan zomo, wancan dila, ga wata kunkuru tana tafiya da tire a hankali, ko don shigar ce ko don halinta ne, oho.

Wata ƙatuwar kura ta taho ta kama hannun Sallau.

"Yaya Sallau, barka da zuwa."

"Nazifi? Kai ne a ciki? To, yau dai an ba ka kayan da suka dace da kai."

"Za ka yi bayani ne. Bismilla, ga teburinka."

Teburi ne na mutum biyu a tsakiyar zauren, an riga an kafa makirfo a kai. A ɗaya kujerar kuwa wani abu ne zaune. Daga wuya zuwa ƙasa babbar riga ce ta shadda, aikin hannu, sai ƙyalli take, ga carbi a hannu, ga agogon da Sallau ya sani sarai. Daga wuya zuwa sama kuma kan dodo ne na soso, baƙi ƙirin, da ƙaho biyu da jajayen idanu da haƙora zaƙo-zaƙo.

Daga can cikin haƙoran wata murya ta fito a dushe.

"Malam Sallau, zauna. Yau babu surukinka a wurin nan. Dodo ne. Ai ba a jin kunyar dodo. Saki jikinka ka ci."

Innalillahi. Sallau ya rasa ko tsugunawa zai yi ko zama. Ƙarshe dai ya yi rabi da rabi, ya ɗosana a bakin kujera, ya ce, "Allah ya ƙara girma, Baba... Dodo." Mai kula da na'ura ya ɗaga masa yatsa. An shiga iska, gari duk na ji.

Aka buga wata ƙararrawa. Kura ta taho da faranti mai faɗin faifai, an kife shi da murfin azurfa. Ba ta buɗe ba. Sai ta gyara tsayuwa ta fara labari: wai wata 'yar sarki ce aka kai ta bayan duwatsu bakwai, ta zauna a bakin rijiya tana kuka. Aka yi ta tafiya, aka haɗu da tsohuwa, aka haɗu da tsuntsu mai magana, tsuntsun ma da nasa labarin. Sallau na kallon murfi, murfi na kallon sa. Sai da 'yar sarkin nan ta yi kuka ta gode Allah, sannan kura ta ɗaga murfin da wani irin salo.

"Hawayen 'Yar Sarki!"

Cokali ne guda a tsakiyar farantin. A cikin cokalin, ɗigon ruwan tsamiya, da ƙwayar riɗi ɗaya tana iyo.

Sallau ya kai baki. Kafin harshensa ya tambayi ko wane ne, ya wuce.

"Yaya ka ji?" in ji dodo.

Sallau ya matsa kusa da makirfo. "Jama'a masu sauraro, farantin nan dai, in gaya muku gaskiya, faranti ne. Ban taɓa ganin faranti mai nauyi da sheƙi irin wannan ba. Duk wanda ya zaɓo shi ya san faranti."

Dodo ya gyaɗa ƙahonni cikin jin daɗi. Daga gefen mata Uwani ta ɗan saki fuska.

Na biyu ya zo, shi ma da labarinsa, na wani maharbi da ya shiga kogon da ba a shiga. Wannan ya fi na farko tsawo, don har da waƙa, kuma Nazifi ba murya. Da aka ɗaga murfi sai hayaƙi ya turnuƙe, mai ƙanshin kilishi, ƙanshi na gaske, har cikin Sallau ya amsa. Ya sa hannu yana kore hayaƙin don ya ga naman. Hayaƙi ya watse. Faranti fes.

"Numfashin Dodo," in ji kura. "Wannan shaƙa ake yi, Yaya Sallau. A can waje yanzu shi ake yayi."

"Kilishin fa?"

"Yana kicin. Da shi muke yin hayaƙin."

Sallau ya dubi makirfo, makirfo na jira. Ya ce, "Jama'a, ƙanshi kam, wanda duk ya ce bai ji ƙanshi a nan ba ya je asibiti a duba hancinsa."

Na uku "Tuwon Aljanu". Labarin ya ce aljanu ba sa cin da yawa, kuma mai dafawar ya riƙe amanar labarin. Tuwon shinkafa ne kamar maɓallin riga, an ɗora shi a gefe, sannan an ja wani koren layi na miyar kuka daga wannan baki zuwa wancan, da alama da burushi aka ja shi. Sallau ya ɗauki tuwon da yatsu biyu, ya bi layin da shi a hankali kar ya kauce hanya, ya jefa a baki. Abin haushin, da daɗi. Wallahi da daɗi. Daddawar ta ji, man shanun na gaske ne. Da ma ba daɗi, da ya huta. Amma yanzu an taso masa da yunwar da ke kwance, an nuna mata hanya, an rufe ƙofa.

Ya ce wa masu sauraro kujerun wurin suna da laushi, kuma na'urar sanyaya ɗaki tana aiki yadda ya kamata.

Kafin na huɗu ya iso, idanunsa sun fara ganin taurarin rufin biyu-biyu. Kura ta zo da labarin yadda aka ba ta ajiyar rago ta ce ba ta ci ba. Aka ɗaga murfi.

"Abin da Kura Ta Rage!"

Ƙashi ne, an goge shi tas, an jingina shi a kan ganye ɗaya. A jikinsa akwai wani zaren nama, wanda in ba ka karkata kai wajen fitila ba ba za ka gan shi ba. Sallau ya ɗauka ya fara gwagwiya. Yana gwagwiya, hankalinsa ya tashi daga zauren, ya fita ta ƙofa, ya ratsa ta wajen lilo, ya je ya tsaya a gaban tiren matar nan. Yana ganin ƙulin, yana ganin man na bin gefen gurasa. Bai san lokacin da bakinsa ya buɗe ba, kuma a saitin makirfo:

"Wai mai gurasar nan ta bakin ƙofa tana kaiwa la'asar kuwa?"

Sai wani Alhaji a teburin baya ya daki cinya ya ƙwala ihu:

"Santi! Wallahi santi ne! Sallau ya yi santi!"

Wuri ya kaure. Ana tafi, ana dariya, mata na guɗa. Ai kowa ya sani, mutum na tsakiyar cin abinci ya saki zancen da ba shi da kai ba shi da gindi, daɗi ne ya kwashe shi. Dodo ya miƙe tsaye yana tafi, ƙaho ɗaya ya karkace. Kura ta rungumi zomo. Uwani kuwa ta dubi matan da ke kusa da ita ɗaya bayan ɗaya, don kowacce ta shaida mijin wa ake magana.

Sallau ya zauna da ƙashi a hannu, gumi na keto masa duk da sanyin ɗakin. Ga shi an ba shi mafita a ɓagas. Bai yi ƙarya ba, bai ce komai ba, su suka faɗa. Abin da ya rage kawai ya yi shiru, ya yi murmushi, a rufe shiri, ya koma gida a karɓe shi da hannu biyu. Ya ma fara murmushin.

Sai mai na'ura ya ce akwai mai kira a layi.

"Salamu alaikum. Sunana Barau, ina tuƙa a-daidaita-sahu. Malam Sallau, ni ban taɓa kira ba, amma ban taɓa fashin shirinka ba. Yarana sun daɗe suna damu na in kai su wurin nan tun ana gini, ina ta ce musu sai na ji daga bakin Sallau, don shi ba ya cin amanar talaka. To yanzu na ji da kunnena ka yi santi. Juma'a in Allah ya kai mu zan ajiye aiki in kwaso su duka, har da tsohuwata, ba za mu karya ba sai a can."

Murmushin Sallau ya tsaya a inda yake. Har da tsohuwa! Ya hango tsohuwar mutane an zaunar da ita a duhu da azumin dole, ana ba ta hayaƙi ta shaƙa. Kunya ta gaske ta kama shi, ba irin wadda ya je yana yi wa Alhaji a tabarma ba.

"Sai dai tambaya ɗaya," in ji Barau. "Tun ɗazu muna jin wata ƙara a rediyon, ƙuuu, ƙuuu, kamar ana jan teburi. Na'urarku ce, ko tawa ce ta lalace?"

Kamar jira yake a ambace shi, cikin Sallau ya sake yin ƙarar, doguwa, mai lanƙwasa a ƙarshe, makirfo ya ɗauka tsaf ya kai wa gari. Wannan karon duk zauren an ji daga inda ta fito. Masu tafi suka sauke hannu. Uwani ta zuba masa ido, irin kallon da ba ya bukatar fassara.

Nan Alhaji ya ga abin na neman lalacewa. Ya kama ƙahonnin da hannu biyu, ya tuɓe kan dodon ya dire a kan teburi. Fuskarsa ta fito jage-jage da gumi, hula ta manne. Ya jawo makirfon gabansa ya yi gyaran murya.

"Malam Barau, da sauran masu sauraro, Alhaji Gwadabe ke magana, mai wannan wuri. Kar ku ji komai, ku zo da iyalanku. Wannan ƙara da kuka ji laifina ne. Yaron nan surukina ne, ɗan mutunci ne, mai tarbiyya. Na yi dabara na rufe fuska don ya sake, amma ina! Jini ba ya ɓuya, ya san ni ne. Kunyata ce ta hana shi sakin jiki ya ci ya ƙoshi. Ko ba haka ba, Malam Sallau?"

Ya tura masa makirfon.

Sallau ya dubi Uwani. Ya dubi ƙashin da ke hannunsa, ya ajiye shi a hankali a kan ganyensa. Ya zame daga kujera ya ɗan rusuna, ya sunkuyar da kai yadda ya kamata ɗa ya yi a gaban uba, sannan ya ce cikin ladabi:

"A'a Baba, ni tawa kunyar tun a bakin ƙofa na ajiye ta. Abincin ne ke jin kunyata. Tun da na zauna, leƙowa kawai yake yi ya koma."